Sukarin Auta

Litinin, 3 ga Maris

Layin rabon abinci ya kai har ƙofar mai gyaran agogo. Tun asuba na ajiye tsohon takalmi ya kama mini wuri, na dawo na tarar wata mai dogon baki ta shure shi gefe. Ban raga mata ba. Gari, sabulu, sukari cokali uku kowane kai. Katinmu har yau mutum huɗu ne: ni, surukata, jaririyarta, da mijinta, ɗana Auta. Ba wanda ya soke sunansa tun da aka kwashe su zuwa fagen yaƙi. Sukarinsa na juye a gwangwanin saman kabad, kamar kullum. Mutumin da shayi ma sai ya mai da shi zuma.

Alhamis, 6 ga Maris

Wata biyar ke nan ba wasiƙa.

Asabar, 15 ga Maris

An rage gari. Surukata ta ce, "Mama, nonona ya ja baya. Ko cokali ɗaya daga gwangwanin nan..." Na ce ta fita idona. In mijinta ya dawo da me za a tarbe shi, da ruwan zafi? Na ji kunya, amma ban sauko da shi ba.

Talata, 25 ga Maris

An manna sunayen waɗanda suka rasu a bangon gidan waya. Ban je ba, ƙafata na ciwo. Surukata ce ta je. Da ta dawo sai ta hau wanke kayan da ta wanke jiya. Ban tambaya ba, ba ta faɗa ba.

Laraba, 2 ga Afrilu

Jaririyar ko kukan kirki ba ta iyawa yanzu. Wuyan hannunta kamar tsinke. Goshin ubanta sak. Ina jin tsoro.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Yau ba sukari sam, mai awo ya ce an tare hanya. Da na dawo na taka kujera na sauko da gwangwanin. Ya daskare, sai da na sa gindin cokali. Na dama wa surukata cikin kofi. Ta tsaya tana kallona, idonta ya kawo ruwa. Na ce, "Sha mana kafin ya huce, kallon na mene ne?"

Tururuwa ce ta fara shiga, shi ya sa. Asara ce a bar mata.

Ban mai da shi saman kabad ba. Yana nan kusa da murhu.