Na ce wa yaran bencin baya babu makaranta

Assalamu alaikum, jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Ni malama ce ta wucin gadi a wata firamaren gwamnati a wajejen Kwali, aji shida nake koyarwa. 'Ya'yan ma'aikatan da tsadar haya ta koro daga cikin gari su ke zama a gaba, suna zuba Turanci. 'Ya'yan manoma da na 'yan cirani kuwa suna baya. Da aka ce masu dubawa za su zo su gwada yara, hedimasta ya ja ni gefe, ya ce bara an kunyata shi, in san yadda zan rage masa na baya. Ni kuma saboda tsoro, ana gobe gwajin na tara yaran bencin baya, na ce gobe za a yi feshin sauro, kowa ya zauna a gida.

Makarantarmu ta yi fice, har aka yaba mana. Ashe da wannan gwajin ake zaɓen waɗanda za su nemi sakandaren kimiyya. Hedimasta ya rantse bai sani ba, amma me ya sa 'yar ƙanwarsa ta sha darasin yamma satin gwajin gaba ɗaya?

A cikin waɗanda na kora akwai wadda zan kira Talatu. Turancinta a karye yake, amma a lissafi babu mai kama ƙafarta. Shekaranjiya uwarta, mai ginin tukwane, ta tare ni a kasuwa, ta gaishe ni har da rusunawa, sannan ta ce, "Malama, sauron makarantar naku, bencin baya kawai yana cizo?" Wallahi ƙasa na so ta tsage in shige. Wa ya gaya mata? Malamin aji biyar da ya daina amsa gaisuwata? Ko hedimastan ne ya fara share wa kansa hanya?

Mako mai zuwa ɗaya daga cikin masu dubawar zai dawo, za a sake gwada duk yaron da ke da uzuri. Hedimasta ya ce in faɗa sun tafi haƙar doya ne, wanda ba uzuri ba ne a wurinsu. In na faɗi gaskiya aikina ya tafi, don da bakina na yi ƙaryar, shi babu wanda ya ji shi. In na yi shiru Talatu ta rasa, ga shi har yau ita ke riga kowa goge mini allo.

Me zan yi?