Akwatina Ya Yi Ja

Litinin, 6 ga Janairu
Madalla da sabon allon da maigidanmu Tauke Ooi ya kafa mana a ofis! Akwati-akwati, launi-launi, kowace tawagar masu kai saƙo a babur da nata. Kyau kamar kantin zinari. Sai dai Siew Fong, yarinyar da ta tsara shi, ta jefa akwatin tawagata can ƙasa a lungu, na tawagar Rajan kuwa a sama. Shekara tara ina sayar da atamfa a kasuwar Penang, na san kayan da ake turawa lungu.

Laraba, 8 ga Janairu
Tauke ya ce ƙarshen wata zai rushe tawaga ɗaya, allo ne zai nuna wacce. Yau na ga Siew Fong da Rajan suna shan shayi, har da dariya. To.

Alhamis, 9 ga Janairu
Akwatina ya yi ja. Na Rajan kore shar.

Juma'a, 10 ga Janairu
Na kai wa Siew Fong shinkafar nasi kandar, har da cinyar kaza. Na ce, "Ƙanwata, ɗan shafa mini kore mana, ai ba fenti za ki saya ba."
Ta kusa ƙwarewa. "Abang Zulkhairi, yayana, so kake a kore ka? Tsarin da na samo, ja ne na masu latti. Tauke ya gani ya ce a gidansa ja arziki ne, ba za a ɓata shi a kan malalata ba. Na juya launukan, yanzu kore ne na masu latti."
Lungun fa? Wai nan idon Tauke yake sauka daga kujerarsa.
Na ce na ji. Wanda zai cuce ka ma da bayani yake zuwa. Kazar dai ta cinye.

Litinin, 13 ga Janairu
Tauke ya dafa kafaɗata, ya ba ni lemo biyu. Ban sha ba tukuna.
Rajan yana ta yawo yana cewa, "Zul, in an sallame ka akwai gurbi a wurina." 'Ya'yansa huɗu.

Talata, 14 ga Janairu
Na sa Siew Fong ta rubuta ma'anar kowane launi a gindin allon, da manyan haruffa. Ba don Rajan ba, tsari ne kawai nake so. Ya karanta, ya fita neman yaran tawagarsa da gudu. Saura sati biyu, zai iya kamo ni.
Na kuma kai mata abinci, ban roƙi komai ba.
A kasuwa, wa ya taɓa nuna wa maƙwabcinsa inda rumfarsa take yoyo?