Ƙanena Zai Rage Katangar Wurin Wankana

Anti Nashida, ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da zai raba ni da ƙanena har abada, don wallahi zuciyata tafasa take yi.

Tsibirinmu a yankin Lamu yake, ɗan ƙarami, kafin shayi ya huce kin zagaye shi da ƙafa. Amma yanzu kowa ya sayi babur. Mutum yana jiyo tarin liman daga ɗakinsa, amma sai ya hau babur zai je masallaci. Gidana yana kan kwanar da hanyar makaranta ta haɗu da ta bakin jirgi. Katangar ta dutsen teku ce, mahaifinmu ya gina ta da hannunsa, kuma an hana haƙar irin dutsen yanzu. A bayanta, daidai kusurwar, rijiyata take. Nan nake wanka a fili ba rufi, kamar yadda uwarmu ta yi.

Watan jiya babur ya kaɗe Shi'una, 'yar maƙwabciyata, tana dawowa daga makaranta a keke, hannunta ya karye. Ni na fara ɗaukarta, har kuka na yi. Sai majalisar tsibiri ta ce za ta tsara hanyar masu ƙafa da masu keke, aka ɗora ƙanena Riyaz a kan aikin. Riyaz ɗin da na goya! Ya je Male, babban birnin ƙasarmu, ya yi ɗan kwas, ya dawo da taswira a hammata, yana auna titi kamar gadonsa.

Ranar taro, gaban maza da mata, ya ɗora yatsa kan gidana ya ce katangata ce ke hana ganin mai tahowa, dole a rage ta zuwa ƙugu. Na miƙe na ce ai ya san abin da ke bayanta. Buɗar bakinsa sai ya ce wai wankan Yaya bai fi ran yara ba, in ya dame ni in riƙa yi da zani a jiki. Aka tuntsire da dariya. Anti, na kusa sittin, mijina ya rasu, a ce wankana ake tattaunawa gaban masunta! Yanzu in na wuce, 'yan bakin jirgi sai su riƙa tambayar juna ko Hajiya ta gama a buɗe hanya.

Kuma babur ɗin da ya kaɗe yarinyar na surukin Riyaz ne, amma ba wanda ya ce uffan. Katanga ba ta gudu. Tana tsaye tun kafin a haifi Riyaz, ba ta taɓa kaɗe kowa ba. Na san kwanar ba ta da kyau, ni ma ta ƙofar baya nake fitar da jikata. Amma don me zai ƙare a kaina?

Na sa an kawo mini bulo. Niyyata in ƙara wa katangar layi uku, in aika wa matar Riyaz kada ta ƙara aiko mini da kwanon buɗa-baki in azumi ya zo. Ki faɗa mini gaskiya, na yi laifi?

Mai Katanga, Lamu

Mai Katanga,

Ƙanenki ya yi rashin kunya, ba zan ɓoye ba. Wanda ya isa a ba shi aikin gari ya isa ya san cewa maganar wankan yayarsa a ɗaki ake yin ta. Dole ya ba ki haƙuri, kuma a gaban waɗanda suka yi dariyar.

Amma ki ajiye bulon nan. Da bakinki kika ce ta ƙofar baya kike fitar da jikarki, su kuwa 'ya'yan mutane ba su da wata hanya sai gaban gidanki. Rashin kunyar Riyaz ba ta mayar da maganarsa ƙarya ba.

Ki ɗauki wani dattijo da Riyaz yake jin nauyinsa, ku je majalisa da sharaɗinki. A fara kafa miki shingen ganyen kwakwa ta ciki kafin a taɓa dutse ko ɗaya. A sauke kusurwar kawai, a kuma kewaye miki rijiyar da dutsen da aka sauke, aikin mahaifinku ya zauna a gidansa. Sannan ki matsa musu su shimfiɗa igiyar jirgi mai kauri a gicciyen titin don babur ya rage gudu, su hana shi bin nan lokacin zuwa da tashin makaranta, har da na surukin. In sun ƙi, kowa zai ga wanda ba ya son gyara.

Matarsa kuwa ba ta yi miki komai ba, ki bar kwanonta ya zo.

Yau dariya ake yi miki, kuma dariya tana wucewa. In kika ƙara layi ukun nan, wani yaro ya mutu a wurin, ba wanda zai tuna da Riyaz ko majalisa. Sunanki za a sa wa kwanar, kuma a gidan za ki ci gaba da kwana.

Allah ya huci zuciyarki, ya tsare yaran tsibirinku.

Anti Nashida