Na Hana Su Iyo a Tafkinsu

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar taki? Ya Baffa da su Larai? Ni lafiya ƙalau nake, kada ki sa damuwa a ranki.

An yi bikin tseren jiragen ruwa na garinmu nan Holan. Kin san aikina ne in duba abin da zai cutar da jama'a kafin kowane taro. Da na auna ruwan tafkin da ake tseren a ciki, sai na tarar da ƙwayoyin cutar gudawa, na ce bana ba wanda zai yi iyo.

Shugaban bikin, wani dattijo mai suna Wiebe, ya harzuƙa. Ya ce, "Yarinya, kakana a ruwan nan ya tsufa."

Na ce, "Baba, kakanka bai shiga da mutum dubu ashirin ba."

Bai yi dariya ba. Mako guda ko mai sayar da burodi ba ta amsa gaisuwata. Ba komai, dama burodin nasu bai dame ni ba. Sai dai dare yana yi mini tsawo.

An yi biki an watse, ba yaron da ya kwanta rashin lafiya. Shekaranjiya sai ga Wiebe a ƙofata da ƙyafaffen kifi. Ya miƙo yana kallon ƙasa, ya ce, "Jikata ta so shiga ruwan nan. Baɗi ki auna da wuri."

Ki aiko mini da yaji ta hannun Sahabi. Ki ci gaba da sa mini albarka.

'Yarki,
Kubura