Sunan Yaya a Kan Fom

Ardwick, Manchester
6 ga Maris, 2012

Yaya Kaneng,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya yaranki su Dung da makaranta? Albishirinki! Aikin ofishin gwamnatin nan da na nema, sun ɗauke ni. Saura tantancewar tsaro kawai. Sun ce in ba da wanda ya san ni sosai, na rubuta sunanki. Wani jami'i zai zo ya yi miki tambayoyi.

Don Allah Yaya, kada ki ta da maganar tarar da kotu ta ci ni a 2008, da na hau jirgin ƙasa da katin wata mata. A fom na ce ban taɓa zuwa kotu ba. Tsohon zance ne.

Mama har ta ba da shaidar godiya a coci a Jos.

Ƙanwarki,
Rebecca

Balsall Heath, Birmingham
13 ga Maris

Rebecca,

Muna lafiya. Barka. Mama ta kira ni, minti arba'in tana yabonki, ba ta tambayi yadda nake ba tun da council, ƙaramar hukumar nan, suka rage ma'aikata suka sallame ni.

Kin tuna bara na nemi irin aikin nan? Na rubuta musu gaskiya, cewa akwai bashin banki a kaina, wanda na ci don jana'izar Baba. Suka hana ni. Lokacin jana'izar kina jami'a, ba a nemi ko fam ɗaya a wurinki ba. Ke dai komai a sauƙaƙe yake zo miki. Allah ya sanya albarka.

Yayarki,
Kaneng

Ardwick
2 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa. Na kira ki sau bakwai ba ki ɗauka ba. Sun janye aikin. Takardar ta ce tarar ƙaramin abu ce, ɓoyewar da na yi ce ta sa ba za su amince da ni ba. Na riga na ajiye aikina na gidan kula da tsofaffi, har an ɗauki wata a gurbina.

Ni da ke kaɗai muka san zancen nan. Ki faɗa mini me kika ce wa mutumin.

Rebecca

Balsall Heath
11 ga Mayu

Ƙanwata,

Ina fatan kina cin abinci. Ba zan yi miki ƙarya ba. Jami'in ya zo wata ranar Talata a watan jiya, ya zauna a falo, na ba shi shayi. Ya ce, “Wace irin mutum ce ƙanwarki?” Ya fara karanto albashin da matsayin da za a ba ki, ni kuwa ga takardun neman aiki zube a gabana, guda goma sha ɗaya ba amsa. Sai na ji bakina ya ce, “Ta gaya muku zancen kotu?”

Ya buɗe fayil ya nuna mini. Ashe yana da takardar kotun tun kafin ya zo. Ko na yi shiru, da sun hana ki. Na so in fake da wannan, amma ban san yana da ita ba lokacin da na yi magana.

Kuma da ya tafi, Rebecca, daɗi na ji. Har na dafa shinkafa ina waƙa. Kwana biyu ina jin daɗin nan kafin kunya ta zo. Na kasa zuwa coci tun ranar.

Ki yafe mini in za ki iya.

Yayarki,
Kaneng

Ardwick
30 ga Mayu

Yaya,

Na gode da kika faɗi gaskiya. Ƙaryar fom tawa ce, na ɗauki laifina. Na gaya wa Mama da bakina, ban ambaci sunanki ba.

Maganar da kika yi wa jami'in na yafe. Waƙar ce har yanzu na kasa. Kada ki kira tukuna.

Ki gaida Dung.

Rebecca