Ots ɗin Inna da hancina

Litinin, 3 ga Yuni

Mutane na ɗauka busasshen abu ba ya lalacewa. Yau ma sai da na gyara wa 'yan ajina wannan: ots, hatsin nan na Turawa, yana da mai a jikinsa, in ya sha zafi ko ya daɗe sai ya yi ɗoyin tsohon mai. Na ce su riƙa sansanawa kafin a dafa. Suna rubutawa ina tunanin nawa hancin. Tun murar da na yi ban ƙara jin ƙamshin komai ba, kuma ban gaya wa kowa ba.

Laraba, 5 ga Yuni

Inna ta yi amai bayan karin kumallo. Ots ne abincinta na safe tun da likita ya hana ta sauran kayan kari, ni ce kuma mai dama mata. Ta ce ba komai, tsufa ne.

Alhamis, 6 ga Yuni

Na zazzage gwangwanin ots ɗin a faranti. Ba ƙwari, ba dunƙulewa, ba fumfuna. Na kai hanci har ya taɓa, shiru. Ashe gwangwanin kusa da murhu yake zaune, murfin ma ba ya kamawa. In da abin da ido ba ya gani fa?

Juma'a, 7 ga Yuni

Ta sake yin amai. Ya Allah.

Asabar, 8 ga Yuni

Na kai mata farantin ɗaki, na ce ta sansana mini. Ta yamutsa fuska, ta ce ai ya kwana biyu yana ɗaci, tana dai haɗiyewa don kar ta ɓata min rai ina saurin makaranta.

"Ke Malama, hancin naki ado ne?"

Na gaya mata gaskiya. Ta ce da ni da ita duk mun iya ɓoyo. Na zubar da shi duka. Likita ya duba ta, ya ce ta sha ruwa sosai, ni kuma in dawo a duba ni.

Talata, 11 ga Yuni

Sabon ots yana cikin kwalba mai murfin kirki, a kabad nesa da wuta. Aman ya tsaya. Yanzu da safe ni ke buɗe kwalbar, Inna ta sansana ta yanke hukunci, har da gyaran murya. Yau ta riƙe kwalbar fiye da yadda ake buƙata, ni kuwa na tsaya ina jira. Ban duba agogo ba.