Kulocin Motar Baba

Zuwa ga Yayana Sani, a Fatakwal ko duk inda aiki ya jefa ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce ta ƙanwa zuwa ga yayanta, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mu nan Malumfashi sai godiya, ana ta girbin masara. Inna tana gaishe ka. Na rubuto a nan shafin sada zumunta inda kowa zai gani ne domin na kira ka har na gaji, saƙonnina kuma kamar an shuka dusa, alhali ina ganin kana leƙowa kana yaba hotunan mutane. To ga naka, ka karanta tare da jama'a.

Maganar motar katakon da ka bar min a zaure ce. Bari in tuna maka, ko ka manta.

Tun da ɓarin jikin Baba na hagu ya shanye, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jigilar masara da auduga daga Funtua zuwa Kudu ya koma kwanciya yana kallon rufin ɗaki. Masu gashin ƙashi a asibiti suka ce ƙafar za ta iya dawowa in ana motsa ta kullum, in aka ƙyale ta kuma ta sandare. Ya ce shi ba jariri ba ne da za a koya masa tatata. Kai ka kawo dabarar a haɗa masa akwatin wasan tuƙi, da kujera da sitiyari da talabijin, ya motsa jiki bai san magani ake ba shi ba. Ka samo sitiyarin tsohuwar babbar mota wajen 'yan gwangwan, kafinta ya buga akwati, ka cusa tsohuwar kwamfutarka a ciki. Sai aka kira ka aiki. A tasha ka ɗago min hannu ka ce, "Saura ƙiris, haɗa wayoyi ne kawai."

Yaya, ban yafe wa ƙiris ɗin nan ba.

Ni tela ce, zare na sani. Amma na zauna. Ɗan abin da ka ɗaura a gindin sitiyari, mai kama da na ƙara muryar rediyo, ko zagaye ɗaya ba ya cikawa. Ka manta wa ka gina wa? Ranar farko Baba ya kama sitiyarin da hannunsa mai lafiya ya naɗa shi kamar zai sha kwanar kasuwa da buhuna a baya. Sai ji muka yi ƙas. Na yini wajen mai gyaran rediyo kafin na samo wani, na cire bel ɗin keken ɗinkina na haɗa shi da sitiyarin ta kan ƙaramar taya da babba, yadda sitiyari zai yi ta juyawa shi kuwa ya bi a hankali. Keken yana nan zaune, ɗinkin mutane ya taru a kansa.

Da wannan ya zauna, sai a juya hagu mota ta yi dama. Baba ya kalli talabijin ya ce, "Wannan motar ta sha wani abu." Ashe wayoyi biyu na sa a juye. Na gyara, sai totur da birki suka ce ga mu. Kwamfuta ta ɗauke su abu ɗaya, mota tana tafiya ba wanda ya taka ta. Ta yi ta ba ni umarni da Turanci, in taka har ƙasa, in saki, in juya har ƙarshe. Ina gab da gamawa sai a ɗauke wuta, ta manta komai, mu koma farko. Sau nawa na yi kuka a zauren nan, Inna tana leƙowa tana cewa in bar shi haka nan.

Ranar da komai ya daidaita, na so a ce kana nan. Baba ya gyara hula, ya yi bismilla, ya ja mota. Har ƙaho yake nema da tafin hannu. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin ciwon.

Sai na dubi ƙasa. Ƙafar dama ce ke ta aiki tsakanin totur da birki, ta hagun tana yashe a gefe. Wasan nan feda biyu ya sani. Duk wahalar nan, lafiyayyar ƙafa muka gina wa wurin motsa jiki. Kai mai dabara, ba ka hango wannan ba?

Amma na lura duk lokacin da zai tayar da mota, yatsun ƙafar hagun suna ɗan rawa, suna laluben kuloci. Na garzaya wajen mai walda ya yi min feda ta uku da sifirin mai ɗan tauri, na kafa ta a hagu. Babu waya ko ɗaya a jikinta, don ban san inda zan haɗa ta ba. Na ce wa Baba ga kuloci an sa, sai an taka mota za ta tashi. Ya yarda da ni. Da farko da hannu yake ɗora ƙafar a kai, yana haɗa gumi. Daga baya ta fara hawa da kanta. Na ga fedar tana sauka, kullum tana ƙara yin ƙasa, na riƙa yi wa Allah godiya a ɓoye.

Ranar Laraba ƙafar ta zame masa. Bai taka komai ba, ya ba da totur, mota ta wuce abinta. Ya ɗaga ƙafar dama daga totur ta tsaya, ya sake gwadawa ba kuloci. Ta sake tafiya. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya dube ni ya ce, "Ashe ko ba ni ma tafiya take." Ya nemi sandarsa ya shige ɗaki. Tun ranar bai sake leƙo zaure ba.

Na gwada gyarawa. Na sa makunni a ƙarƙashin fedar, na ratsa wayar totur ta cikinsa, sai kwamfuta ta daina ganin fedojin gaba ɗaya. Na mayar da komai yadda yake. Tura ta kai bango, Yaya. Abin da nake so ɗaya ne: motar ta ƙi motsi har sai ƙafar hagun Baba ta taka. Kai ka zana abin nan, kai ka san cikinsa.

Na san halinka. In abubuwa ba su tafi maka daidai ba sai ka yi shiru, don kada a ji a muryarka. Ba wanda ke jiran ka da wata tambaya a gidan nan. Kai Baba ya riƙa ɗorawa a cinya kana riƙe sitiyari, ni ina ƙasa ina ɗaga muku hannu, kuma ban taɓa jin haushin haka ba sai yanzu da nake kewarka. Ka kira ni da rana, ina zaure da abin kwance ƙusa a hannu, ka faɗa min jar waya ko baƙa. Ƙafar ba za ta jira ka ba. Yau da safe da Inna ta zo sa masa takalmi, ta ce ta fara jin ta da nauyi.

Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya buɗa maka, Ya ba Baba lafiya, Ya sa ya sake taka ƙasa da ƙafafunsa biyu. Amin.

Ƙanwarka,
Hadiza